Hannun Da Ya Zana Furen Taba

"Ban hana ki zuwa lakwal koyon zane ba, ban kuma tilasta miki kowa ba," in ji Alhaji Barmo, yana nuna 'yarsa da ɗan yatsa. "Amma muddin ina numfashi, ba ni ba da ɗiyata ga namijin da aikinshi zanen hure. Ki hidda Sha'ibu daga ranki."

Fasuma tana durƙushe a bakin tabarma, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

"Baba, ni ma ai huren nika zanawa."

"Ke mace ce! Hure na mata ne. Shi ƙato da shi, ubanshi na can Jiratawa shina fama da gonar taba, ƙasa ta bushe, mutane na cin ganye, shi ko ya zo birni ya zamna cikin 'yan mata shina shafa gawayi ga takarda. Wanga shi ne miji? Ki dubi Jibo mana. Kamiyo ukku na ɗaukar kaya gare shi, ubanshi aminina ne tun muna dakon goro. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Mahaifiyarta, Hajiya Atika, tana bakin murhu tana jin komai. Ta dai miƙa wa 'yarta mayafi, ta bi hannayenta da kallo har ta fita.

Shekarar ce damina ta yi wa mutane ƙarya. Ruwa ya sauko sau biyu ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Ga iyakar Nijeriya a rufe, ga sojoji a kan mulki shekara goma ke nan, kowa ya koyi magana ƙasa-ƙasa. A rediyo kullum gargaɗi ake yi: duk wanda aka kama ya ɓoye hatsin taimako, ya kuka da kansa. Mutanen Maraɗi kuwa sun ga waɗanda aka ɗauka a motar kaki, ba su ga dawowarsu ba.

A irin wannan shekara ne Fasuma ke zuwa wata 'yar makarantar zane a bayan kasuwa, aji ɗaya tal, ɗalibai goma sha huɗu, malami ɗaya, Mushe Hamidu. Alhaji da kansa ya kai ta, ba don son zane ba. Shi ɗan kasuwar atamfa ne, yana son 'yarsa ta riƙa fitar masa da sababbin furanni da zai aika a buga masa a yadi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada ta zana abu mai rai, fure kawai.

Alhaji dai, Allah Ya ƙara masa lafiya, ido rufe zai gaya maka inda aka buga atamfa in ya shafa ta. Hannun 'yar cikinsa ne bai sani ba.

Fasuma a garin Tsibiri ta tashi, wajen kakarta Tasalla mai zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. A can ta koyi cewa in ba ka danna ba, ƙwarya ba ta ɗauka. Don haka da ta zo makaranta, da gawayin ƙirya take aiki, mai taurin nan na maƙera, tana dannawa har takarda ta yi rami. Zanenta baƙi ƙirin ne, mai kaifi, mai tsoratarwa.

Shi kuwa Sha'ibu tun yana ƙarami aikinsa tsinkar furen taba, wanda mata ke goga wa haƙora da goro. Furen nan in ka matsa shi kaɗan ya ɓaci, babu macen da za ta saya. Hannunsa ya saba da lallashi. Da kansa yake ƙona 'yan siraran rassan sabara a gwangwani ya yi gawayinsa, in ya ɗora a takarda sai ka ce numfashi ya yi mata.

Mushe Hamidu yana da doka: ba a rubuta suna a jikin zane, ko gaba ko baya. Yakan ce yana son a kalli aiki kafin a san mai shi. To duk baƙon da ya shigo ajin nan, sai ya tsaya gaban zanen Fasuma ya ce, "Kai, wanga namiji ya iya!" Sannan ya matsa gaban na Sha'ibu ya yi murmushi ya ce, "Wagga yarinya akwai sanyin hannu." Su biyun sukan haɗa ido su danne dariya. A wannan dariyar son ya shiga.

Wata uku da suka wuce Sha'ibu ya zana mata furen taba guda ɗaya, ya ba ta a ƙofar aji. Ta ɓoye a cikin jakarta. Ranar da tsautsayi ya ratsa, Alhaji ya buɗe jakar yana neman abin da zai aika wa masu buga yadi, ya ci karo da shi. Murna ta kama shi. Ya yi ta yawo da takardar a kasuwa yana cewa a zo a ga hannun ɗiyarsa, daga ƙarshe ya miƙa wa Jibo kyauta.

Jibo ya sa an lulluɓe takardar da leda, ya saka ta a aljihun gaba, daidai ƙirjinsa. In ya zo gidan, sai ya ciro ta a gaban Fasuma ya sumbata.

Ita kuwa ta yi shiru. Ina za ta fara cewa kyautar Sha'ibu ce? Wannan shirun yana cin ranta, amma tsoro ya fi ƙarfinta.

Ranar Alhamis ɗin nan da ta baro gida da kuka, ta tarar ana liƙa zane-zane a bangon aji, domin ranar Asabar manyan gari da masu kaki za su zo kallo. Nata yana tsakiya, ya fi kowanne girma.

Fure ta zana, kamar yadda aka yi mata sharaɗi. Furen tumfafiya ne, wadda ita kaɗai fari bai kashe ba. Sai dai tumfafiyar ta tsiro ne a bakin wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo uku, na tsakiya babba, gefen ƙofar a lotse. Ta ƙarƙashin ƙofar kunnen buhu ya leƙo, da tambarin taimako a jikinsa, dawa ta zubo ta yi layi a ƙasa.

Ba ƙirƙira ta yi ba. Makonni biyu da suka wuce ta je gaida Tasalla a Tsibiri, ta tarar tsohuwar da maƙwabtanta suna tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. A bayan gidan kuwa ga mangazar Jibo, ɗakin ajiyar kayansa, a kulle. Ta tsaya ta kalli ƙofar nan har idonta ya haddace ta. Ta dawo da baƙin ciki, ta juye shi a takarda.

Sha'ibu ya matso kusa da ita, ya yi magana a hankali.

"Fasuma, ki cire shi. Na roƙe ki. Duk ɗan Tsibiri ya san ƙofar ga."

"Don a san ta na yi."

"Kin yi kuka."

"Baba ne. Ya ce in hidda ka daga raina." Muryarta ta karye. "Malam Sha'ibu, da wace wuƙa zan hidda ka? Na duba ko'ina cikin raina, ban ga inda ka tsaya ba balle in yanke."

Ƙarar mota ta cika harabar, aka taka burki da ƙarfi. Jibo ne ya shigo, shadda na ƙyalli, turare ya riga shi isowa, da wasu ƙartai biyu masu yi masa dakon buhu a bayansa. Ya ji labarin bikin Asabar, ya zo ya ga abin da masoyiyarsa ta zana tun kafin kowa ya gani.

Ya bi bango yana murmushi. Ya tsaya gaban wani furen kuka mai laushi na Sha'ibu, ya dafa ƙirji.

"Ga nata nan. Ko cikin dubu na san hannunta."

Sannan ya matsa tsakiya. Murmushin ya mutu a fuskarsa. Ya kalli kwaɗo ukun nan, ya kalli kunnen buhu, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya san abin da mai kaki zai gani ranar Asabar, ya kuma san inda ake kai mutum bayan nan.

"Wa ya yi wanga?"

Ɗalibai suka kalli juna.

"Na ce wane ɗan iska ya yi wanga!"

Mushe Hamidu ya taso, yana gyara tabarau. "Malam Jibo, nan lakwal ce. Ba mu faɗin sunan mai zane, doka ce."

Jibo bai bari ya rufe baki ba, ya ɗauke shi da mari. Tabarau ya yi tsalle ya fashe a ƙasa, dattijon ya faɗa kan tebur, leɓensa ya tsage. 'Yan matan ajin suka sa ihu. Jibo ya fizgo zanen daga bango ya yayyaga shi, ya tattake.

"Ni na yi shi," in ji Fasuma.

Ya juyo ya dube ta. Sai ya tuntsire da dariya, ƙartansa suka taya shi.

"Ke? Haba ƙanwata. Hannunki na nan ga ƙirjina, na san shi. Wanga aikin ƙato ne. Wa kike son ki rufa ma asiri?"

Idonsa ya sauka kan Sha'ibu. Maza huɗu ne a ajin, amma Jibo ɗaya yake nema tun ba yau ba.

"Wallahi Yaya Jibo ni na yi shi! Ka tambayi kowa!"

Kowa ya sunkuyar da kai. Sun ga jinin Mushe. Sha'ibu ya dubi hannun Jibo, ya dubi fuskar Fasuma, ya tako gaba.

"Ƙyale ta. Ni ne."

"Ƙarya yake! Sha'ibu, kar ka yi mini haka!"

Ƙartan suka yi kansa. Ɗaya ya naushe shi a ciki, ɗaya ya buga kansa da bango har farar ƙasa ta zubo. Ya durƙushe, suka bi shi da shuri. Fasuma ta faɗa tsakaninsu, ta kama rigar ɗaya ta ciji damtsensa, ya wancakalar da ita ta bugu da benci. Kafin ta miƙe sun ja Sha'ibu a ƙasa har waje, sun jefa shi bayan mota kamar buhun gawayi.

Jibo ya leƙo ta taga. "Gidanku za ni kai shi. Baba Alhaji ya ga irin macijin da ke bin ɗiyarshi."

Fasuma ba ta san inda takalminta ya faɗi ba. Da ƙafa ta ratsa kasuwa, rana tsaka, ƙasa na ƙona tafin ƙafarta, masu rumfuna na leƙowa suna tambayar ko lafiya ɗiyar Alhaji Barmo ke gudu ba mayafi. Ba ta ji su ba. Abu ɗaya ke kanta: ta san Jibo, ta san ba ransa zai nema ba. Hannunsa zai nema.

Tun daga bakin layinsu a Sabon Gari ta hangi taro. Ta kutsa cikin mutane, ta ratsa zaure, ta faɗa tsakar gida.

Sun kifa turmin Hajiya. Ƙato ɗaya ya danne Sha'ibu a ƙasa da gwiwa, ɗayan ya shimfiɗa hannunsa na dama a gindin turmin ya riƙe wuyan hannun. Jibo na tsaye da taɓarya. Alhaji Barmo yana gefe, fuskarsa a murtuke, carbi a hannunsa.

"Baba Alhaji, ka gani ko?" Jibo ke faɗa da ƙarfi don na waje su ji. "Sharri ya ƙulla mini. Ya zana ƙarya don sojoji su ɗauke ni, su bi ta kaina su iso gare ka. Duk don na hi shi wajen ɗiyarka. Yau hannun da ya yi wanga aiki ba shi ƙara riƙe komi."

"Jibo, a kai shi ga hukuma dai," in ji Alhaji, amma muryarsa ba ƙarfi. Shi ma kalmar sojoji ta shige shi.

"Hukuma? Don ya je ya ƙara zana musu?"

"Tsaya!" Fasuma ta ƙwalla.

Ta makara. Taɓaryar ta sauka.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Sha'ibu bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi, jikinsa ya sandare, idanunsa suka juye. Hajiya Atika ta saki salati daga bakin ɗaki. Jini ya biyo gindin turmin.

Jibo ya sake ɗaga taɓarya.

Fasuma ta faɗa kan turmin, ta rufe hannun da jikinta.

"Sai dai ka daka ni! Baba, ni ce! Wallahi tallahi ni na zana shi! Baba ka dube ni, ɗiyarka ce ta yi!"

"Ke, tashi nan!" Alhaji ya daka mata tsawa. "Son wanga yaro har ya kai ki ga rantsuwar ƙarya? Mace ta yi zanen da Jibo ya kwatanta mini? Na san hannunki, na yi yawo da shi kasuwa."

"Ba ka san shi ba, Baba. Ba ka taɓa saninshi ba."

Ta ga babu wanda zai yarda da bakinta, ko ta kwana tana rantsuwa. Ta miƙe ta nufi murhu. Hajiya ta sauke tukunya ba da jimawa ba, gawayin bai gama mutuwa ba. Ta sa hannu ta ɗebo wani dunƙule, gefensa na ja. Ta ji naman yatsunta na ƙuna, ba ta saki ba.

Bangon zauren Alhaji na ciki fari ne tas, an shafe shi da farar ƙasa tun ƙaramar salla. Nan ta tsaya.

Ta ja layin farko daga sama har ƙasa, gawayin na kuka a jikin bango. Ta ja na biyu. Ta danna yadda Tasalla ta koya mata, har farar ƙasa na ɓarewa. Ƙofa ta fito. Ta lotsa gefenta. Gawayin ya ƙare, ta koma ta ɗebo wani. Kwaɗo na sama, babban na tsakiya, na ƙasa. Tana yi tana kuka, majina da hawaye, ba ta goge ba.

Mutanen da ke zaure suka turo kai.

Ta zana kunnen buhu da tambarinsa. Ta ɗiga ƙwayoyin dawa ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ta tayar da tumfafiya a bakin ƙofar, ganye masu kauri, furanni a dunƙule, baƙaƙe.

Wani tsoho mai sayar da igiya ya yi magana daga zaure, ba da niyyar kowa ya ji ba.

"La ilaha illallahu. Wagga ai mangazar Tsibiri ce, ta bayan gidan Tasalla."

Fasuma ta yar da guntun gawayin ta juyo. Yatsunta uku sun tashi, sun yi fari.

"Ga shi nan, Baba. Wanga ba shi yaguwa."

Alhaji ya kalli bangon, ya kalli 'yarsa, ya sake kallon bangon. Sannan ya juya wajen Jibo a hankali.

"Tambarin ga, mi yake yi ƙarƙashin ƙofarka?"

"Baba Alhaji, koya mata ya yi! Shi ya koya mata ta haddace!"

"Jibo," in ji Fasuma. Yau babu Yaya. "Hiddo abin da ke aljihunka."

Ya dafe ƙirji.

"Hiddo shi mutane su gani. Wata ukku kana sumbatar takardar ga gabana, kana cewa ko cikin dubu ka san hannuna. Ban taɓa zuwa Jiratawa ba. Ban taɓa ganin huren taba bisa itacenshi ba. Wanda ya zana shi ga shi nan kwance. Ni ya ba, Baba ya ɗauka ya ba ka, ni kuma tsoro ya hana ni magana." Kuka ya ci ƙarfinta, ta haɗiye. "Hannun da kake ɗorawa ga zuciyarka kullum, shi ne ka daka yanzu."

Wani ya yi dariya a zaure, wata ta taya shi, aka yi saurin toshe baki.

"Ƙarya ne!" Jibo ya fizgo takardar daga aljihu. "Wanga hannun mace ne! Kowa ya duba!"

Hajiya Atika ce ta tako. Matar da ba a taɓa jin muryarta gaban baƙi ba ta ratsa maza ta karɓi takardar daga hannunsa, ta ɗaga ta ga haske.

"Alhaji, shekara talatin ina sayen hure. Dubi gindinshi. An tsinke shi da farce a karkace, an bar ɗan kore kaɗan don kar ya yi yaushi kahin kasuwa. Tsinkar 'yan Jiratawa ce, mai sana'ar kaɗai ya san haka." Ta dubi 'yarta. "Ita ko wagga, allura nawa ta karya mini? Ludayi nawa? Tun tana goye ba ta iya riƙe abu a hankali ba. Tun ranar da ka shigo da takardar ga na san ba ita ba ce."

"Kika yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni?"

Jibo ya dubi takardar a hannun Hajiya kamar kunama ce ya kwana da ita a riga. Ya goge bakinsa da bayan hannu, ya sake gogewa. Kunya ta juye ta zama hauka. Ya ɗaga taɓaryar ya yi kan Fasuma.

Alhaji Barmo ya tare shi. Tsohon ɗan dakon goro ne, ƙarfin bai gama barinsa ba. Ya kama taɓaryar da hannu biyu ya murɗe, ya hankaɗa Jibo har ya faɗa kan tulun ruwa, tulun ya fashe, shaddar ta jiƙe da laka.

"Cikin gidana? Ɗiyata? Hita!"

"Baba Alhaji, a goge bangon ga. Don girman amincinka da ubana, a goge shi."

"Bangona ne. Hita, kahin in manta da ubanka."

Ƙartan sun riga sun sulale. Jibo ya ratsa zaure, mutane suka dare masa, babu wanda ya ce masa sannu. Kowa ya ga ƙofar, kuma a Maraɗi abin da mutum talatin suka gani da azahar ya gama gari kafin la'asar.

Fasuma ta durƙusa gaban Sha'ibu. Ya farfaɗo, fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya a rufe. Ta tallafi hannun a cinyarta, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

"Don mi ka ce kai ne? Don mi?"

"Da ke za ya taɓa."

"Ai da ya taɓa ni! Ni na yi, ni ya kamata in ɗauka. Na yi shiru kan hurenka, na bari anka ba wani, yau kuma zanena ya ci hannunka. Sha'ibu, ka yahe mini. Ban cancanci ka yahe mini ba, amma ka yahe mini."

Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓensa ya fashe.

"Kin ƙona yatsunki," ya ce.

Alhaji ya aika aka ɗauko Maman Lawali maɗori daga bakin kasuwa. Kafin ya iso, Alhaji ya karɓi takardar daga hannun Hajiya, ya cire ledar Jibo ya jefar, ya daɗe yana kallon furen. Da wannan ya cika kasuwa da alfahari. Ya dubi yaron da ke kwance cikin jini a tsakar gidansa, ya kasa haɗa ido da shi. Ya miƙa wa Fasuma takardar.

"Riƙe abinki. Mai shi ke ya ba." Ya yi gyaran murya. "Kai kuma, in ka samu sauƙi, ka ce ma mahaihinka ina son ganinshi."

Da a ce da safe ne, da wannan magana ta sa Fasuma ta yi guɗa. Yanzu ko ɗaga kai ba ta yi ba, idonta na kan hannun.

Maman Lawali ya zo da 'yan karare da tsumma. Dattijo ne mai fara'a, ya ɗora ƙafar jaki da ta mutum ba adadi. Ya tsuguna ya yi bisimilla, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana latsawa, Sha'ibu na cije leɓe. A kan babban yatsa da manuni ya daɗe. Ya ja, ya karkata kai, ya sake latsawa.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ukkun ga za su kama sarai. Biyun ga ko ƙashin ya niƙe, za su haɗe amma a sandare, ba su ƙara lanƙwasa. Kar ku damu, ba wata babbar asara ba ce."

"Zai yi aiki da shi?" Alhaji ya tambaya.

"Ƙwarai. Hauya, gatari, igiyar rijiya, duk zai riƙe. Aikin maza dai babu wanda zai gagare shi."

Muryar Fasuma ta fito siririya.

"Baba Maman, gawayi fa? Ɗan siriri, kamar tsinke. Zai iya riƙe shi?"

Maɗorin ya ɗago ya dube ta, ya dubi Sha'ibu, ya yi dariyar alheri yana naɗa tsumma.

"Gawayi kuma, ɗiyata? Namiji mi zai yi da gawayi?"

Sha'ibu ya juya fuskarsa wajen bango, hawayen da taɓarya ba ta fitar ba suka gangaro masa har kunne. Fasuma ta riƙe furen taban da ƙonannun yatsunta, a hankali, yadda ba ta taɓa riƙe komai ba, domin ta san babu wani bayansa.